Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Labarin Kifin Kuhl

Mai karatu, bari in fara da tambaya. A ce ka yi shekara goma kana ciyar da baƙo a gidanka. Kullum da suna ɗaya kake kiransa, maƙwabta ma da sunan suka san shi, har a takarda haka aka rubuta. Rana ɗaya sai wani masani ya yi sallama, ya dubi baƙon nan sama da ƙasa, ya ce maka: "Wannan ba shi ne mai sunan ba. Mai sunan yana can wani tsibiri, kuma da wuya in ka taɓa sa shi a ido." Me za ka yi? Baƙon za ka tuhuma, ko masanin za ka nuna wa ƙofa?

Abin nan ya faru, kuma ba da mutum ɗaya ba. Ya faru da ɗimbin masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka da Asiya, mutanen da ke ajiye tankin gilashi a falo suna kallon kifi yana shawagi. Baƙon nasu wani ɗan siririn kifi ne da suke kira kuhli. Kafin sunan ya iso bakinsu, sai da ya ratsa ta kan kabarin samari biyu.

Bari ka fara ganin kifin tukuna. Tsawonsa kusan na yatsanka na tsakiya ne, santimita 7 zuwa 10, siriri kamar tana. Wanda bai san shi ba zai rantse ɗan maciji ne. Jikinsa ruwan ɗorawa ne mai sirkin ja, an yi masa ɗamara-ɗamara da baƙi tun daga kai har wutsiya. Yana da gajeren gashin baki irin na tarwaɗa, da shi yake lalube cikin yashi da ruɓaɓɓen ganye yana neman ƙananan tsutsotsi. Wata siririyar fata mai haske ta lulluɓe idanunsa, don kada yashi ya shiga. Da rana yakan ɓuya, sai dare ya yi yake fitowa kiwo. In mace ta ɗauki ƙwai, kana iya hango korensu ta fatar cikinta. Ga shi kuma da wani makami a ɓoye ƙarƙashin ido, wanda za mu dawo kansa, domin makamin nan ne ya jawo rabin rigimar.

Kada ka wahalar da kanka zuwa Argungu ko bakin kogin Haɗeja nemansa. Danginsa, waɗanda Turawan Ingila ke kira loc, 'yan Asiya ne da Turai. A duk faɗin Afirka, sai a Habasha da Maroko ake samun 'yan tsirarunsu. Shi wannan namu, gidansa ƙoramu ne masu tafiya a hankali a dazukan Indonesiya da Malesiya da maƙwabtansu, inda ganye ke zuba cikin ruwa har ya rine ya koma kalar shayi. To wane ne Kuhl ɗin da aka laƙaba masa?

An haifi Heinrich Kuhl a garin Hanau na Jamus ranar 17 ga Satumba, 1797. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa irin wadda ke ba manya tsoro. A 1817, bai wuce shekara 20 ba, ya fitar da littafi a kan jemagun Jamus. A 1820 ya fitar da wani a kan aku-aku na duniya. Sa'o'insa suna fama da jarrabawa, shi kuwa manyan masana na karanta rubutunsa suna gyara nasu.

A jami'ar Groningen ta ƙasar Holan ya haɗu da Johan Coenraad van Hasselt, ɗalibin likitanci, wanda shi ma haihuwar 1797 ne. Abota ta ƙullu irin ta zobe da yatsa. Tare suke yawon neman tsuntsaye da ƙwari, tare suke feɗe dabbobi suna nazarin cikinsu, tare suka je Paris suka ga Georges Cuvier, wanda a zamanin nan shi ne sarkin masana halittar dabbobi a Turai. Duk wanda ya san su ya san cewa kujerar farfesa tana jiran su, in dai sun zauna a gida. Sai ga wani tayi ya zo.

A 1820 Sarki Willem na Ɗaya na Holan ya kafa wata hukuma da za ta binciki dabbobi da tsirrai da ma'adanai na tsibiran da ƙasarsa ke mulka a gabas mai nisa, wato Indonesiya ta yau. Aka ce Kuhl da van Hasselt su ne za su fara tafiya. Amma Batavia, birnin da za su sauka, wanda yau ake kira Jakarta, ya daɗe da yin ƙaurin suna. Makabartar Turawa ake ce masa, saboda yadda zazzaɓi da atuni ke kwashe baƙi. Ba a san sauro ne ke kawo zazzaɓin ba, ba a san ƙwayar cuta a ruwan sha ba. Mai karatu, kana da shekara 22, ga suna ka fara yi, ga gobe mai kyau a gabanka. Da kai ne, za ka hau jirgin?

Sun hau. A watan Yulin 1820 suka bar Holan su huɗu: su biyun nan, da mai zane Gerrit Laurens Keultjes, da Gerrit van Raalten mai gyara fatun dabbobi. Ko a hanya ba su huta ba. Da jirgi ya tsaya a tsibirin Madeira da kuma kudancin Afirka, sauka suka yi suna tara abin da suka samu. A watan Disamba suka iso Java, aka ba su masauki a wani gari mai sanyi a gindin duwatsu, inda aka buɗe lambun binciken tsirrai a 1817. Yau Bogor ake kiran garin. A lokacin kuwa sunansa Buitenzorg, ma'anarsa da harshen Holan: inda babu damuwa.

Aiki suka shiga yi kamar waɗanda aka faɗa wa kwanakinsu ƙidayayyu ne. Su kutsa daji, su gangara kogi, su hau tsaunukan da ke kewaye da garin irin su Salak da Pangrango mai tsayin sama da mita 3,000. Abin da aka kamo da rana, kafin ya ruɓe a zafin nan mai ɗanshi, dole a zana shi da launinsa, a auna shi, a rubuta siffarsa, a jefa shi cikin kwalbar barasa. Kifi kuwa ya fi komai gaggawa, domin da zarar ya mutu launinsa ke fara gudu. Shi ya sa mai zane yake da daraja daidai da masani a irin wannan tafiya. Hoton da ya yi a ranar, shi ne kaɗai shaidar yadda kifin yake da rai.

Akwai wasu mutane a labarin nan da nake jin ciwon rashin sunayensu. Baƙo ɗan wata uku a ƙasa ba ya sanin ramin da ɗan kifi mai kaurin tsinken tsire yake kwana. Mutanen yankin ne suka san ƙoramun, su suka san sunan kowane kifi da harshensu. Shaidar hakan tana nan har yau: akwai wani gidan kifaye da samarin nan suka raɗa wa suna Hampala, kuma daga bakin mutanen Java suka ɗauko kalmar. Sunan kifin ya shiga littafi. Na masuncin da ya faɗe shi fa?

Jiki ba ƙarfe ba ne. Ruwan sama na dukansu a kan tsauni, rana na gasa su a kwari, barci kaɗan, aiki ba iyaka. Ciwon hanta ya kwantar da Kuhl. Abokinsa likita ne, amma likitancin 1821 ba shi da abin da zai ba shi. Ranar 14 ga Satumba, 1821, saura kwana 3 ya cika shekara 24, rai ya yi halinsa. Kimanin wata 9 ke nan da saukarsa Java. Ba a gama share hawaye ba, bayan kwana 2, mai zane Keultjes shi ma ya bi shi.

Yanzu ka tsaya a inda van Hasselt ya tsaya. Ku huɗu kuka zo, cikin mako ɗaya biyu sun tafi, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne rabin ranka. Kai likita ne, ka fi kowa sanin abin da ƙasar nan ke yi wa jikin baƙo. Jirage suna tashi daga Batavia zuwa gida, kuma babu mahalukin da zai zarge ka in ka tattara kayanka. A gefe guda kuma ga kwalabe, ga takardun abokinka da rubutun hannunsa, aikin da bai kai rabi ba. Mai karatu, tsakaninka da Allah, ina za ka nufa?

Van Hasselt ya zauna. Shi da van Raalten suka ci gaba, har van Hasselt ya nausa yammacin tsibirin, yankin Banten, inda hanya ta fi wuya. Daga can yake aika wasiƙu zuwa ga Coenraad Jacob Temminck, shugaban gidan adana halittu na birnin Leiden, yana ba shi labarin abin da suka gano. An buga wani yanki na wasiƙun a wata mujallar Holan a 1823. A ciki ya jero sababbin sunayen kifaye, a gurguje, kamar mai cewa ga somin-taɓi, cikakken bayani yana tafe in na dawo. Cikin sunayen akwai wani dogo mai karya harshe: Acanthophthalmus.

Kalmomin Girkanci biyu ne ya haɗa, ƙaya da ido. Ka tuna makamin da na ce maka? Ƙarƙashin kowane ido na kifin nan akwai wata 'yar ƙaya mai baki biyu, kwance cikin fata. In abokin gaba ya cafke shi, sai ya miƙar da ita. Masu kiwonsa sun san ta sarai, don takan maƙale a ragar kamu. Saurayin ya lura da abin da ya bambanta kifin, ya ba shi suna mai dacewa. Kuskure ɗaya tak ya yi a wasiƙar, ƙarami ƙwarai, kuma sai da aka yi shekara 164 kafin kuskuren ya tashi da sunan.

Cikakken bayanin da ya yi niyya bai taɓa zuwa ba. Atuni ya kama shi a tafiyar Banten, aka dawo da shi Buitenzorg a galabaice. Ranar 8 ga Satumba, 1823, ya cika, yana da shekara 26. Aka buɗe kabarin Kuhl a cikin lambun, aka kwantar da shi tare da abokinsa. Abin da suka aika Leiden kuwa, in ka ji shi sai ka riƙe baki: fatun tsuntsaye 2,000, kifaye 1,400, dabbobi masu jan ciki da kwaɗi 300, ƙwarangwal 200, fatun dabbobi masu shayarwa 200, ban da ƙwari da tsirrai da zane-zane. Duk a ƙasa da shekara 3.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Heinrich Boie da aka turo ya gaje su, zazzaɓi ya kashe shi a Buitenzorg a 1827. Van Raalten ya rasu a 1829. Heinrich Macklot kuwa, wanda shi ma hukumar ta turo, mashi ne ajalinsa, a wata tarzoma a 1832, bayan wuta ta cinye takardunsa. Haka hukumar ta yi ta aika matasa har aka rufe ta a 1850. Kwalaben su Kuhl kuma suna jere a Leiden, babu mai bakin da zai yi musu bayani.

Daga Paris mai bakin ya fito. Cuvier da almajirinsa Achille Valenciennes sun ɗauko wani gagarumin aiki, littafin tarihin kifayen duniya, wanda ya kai juzu'i 22 tsakanin 1828 da 1849. Cuvier ya rasu a 1832, Valenciennes ya ci gaba shi kaɗai, yana amfani da kifaye da zane-zanen samarin nan. A juzu'i na 18, shekarar 1846, ya iso kan ɗan kifinmu mai ɗamara. Ya siffanta shi, ya sa masa suna Cobitis kuhlii, wato na Kuhl, shekara 25 bayan mutuwar mai sunan. A cikin wannan juzu'in dai ya raɗa wa wani ɗan'uwan kifin suna hasselti. Waɗanda kabari ya haɗa, littafi ma bai raba su ba.

A nan sai na ɗan tsaya in yi maka bayanin yadda masana ke raɗin suna, in ba haka ba sauran labarin zai shige maka duhu. Tun zamanin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, kowace dabba suna biyu gare ta: na farko sunan gidansu, na biyu nata na kanta. Dokokin kuwa masu tsauri ne. Sunan da aka fara bugawa shi ne mai iko. Sunan da aka buga ba tare da siffanta dabbar ba, ba a lissafa shi, masana na ce masa suna tsirara. Sannan kowane sunan gida yana ɗaure ne a jikin nau'i guda ɗaya, kamar yadda ake ɗaure doki a turke. Inda turken yake, nan sunan yake, ko mai sunan ya so ko bai so ba. Riƙe maganar turken nan da kyau.

Valenciennes ya zuba kifin a gidan Cobitis, tsohon gidan da Linnaeus ya gina wa irinsu na Turai. Masanan da suka biyo baya suka ga ai siffarsa ta yi nisa da ta 'yan Turai, suka fitar da shi, suka mayar masa da sunan gidan da van Hasselt ya ƙago. Ya zama Acanthophthalmus kuhlii. Ka duba kyawun abin: sunan gida daga bakin aboki ɗaya, sunan kai don tunawa da ɗayan. Sama da shekara ɗari haka yake a littattafan jami'a da na masu kiwon kifi. Wa zai so a taɓa irin wannan suna?

'Yan kasuwa ne suka fara taɓa shi, ta hanyar da ta fi ciwo. Da kifin ya shiga kasuwar kifin ado, masu saye da sayarwa a ƙasashen Ingilishi ba su san wani Kuhl ba. Kunnensu ya ji kuli, sai suka ɗauka kalmar nan ce da Turawan mulkin mallaka ke kiran leburorin Indiya da Sin da ita, kalmar raini ga talakan da ake kwasa a jirgi zuwa gonakin rake. Haka wasu suka riƙa rubuta shi a shaguna da littattafai. Sunan da aka sa don girmama mamaci, jahilci ya juya shi ya koma zagin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.

Na biyun da ya taɓa sunan ba jahili ba ne, masani ne na gaske. Maurice Kottelat, mutumin Suwizalan, haihuwar 1957, yana da wata ɗabi'a da ba kowa ke da haƙurinta ba: ba ya yarda da abin da littafi ya ce wani littafi ya ce, sai ya koma tushe. Ya koma kan wasiƙar 1823. Abin da ke ciki shi ne, kifayen Java da van Hasselt ya ambata a sabon gidan nasa, sunayensu tsirara suke, bai siffanta su ba. Suna ɗaya ne mai rai a jerin, na wani kifin Turai, Cobitis taenia, wanda Linnaeus ya raɗa tun 1758, van Hasselt ya kawo shi cikin lissafi. A doka, shi ne turken. Kifin Turan nan kuwa yana da gidansa tuntuni. Ashe duk shekarun nan, dokin a turken maƙwabci yake ɗaure.

To, mai karatu, ga ka da shekara 30, ka gano wannan. In ka yi shiru, babu kifin da zai mutu, babu wanda zai yi asarar kwabo. In ka yi magana, za ka goge sunan da wani saurayi ya rubuta yana kan hanyar kabarinsa, ka sa a sake buga littattafai, ka jawo wa kanka ƙorafin manya. Me za ka zaɓa? Kottelat ya yi magana, a 1987. Ni kam ina ganin ya yi daidai, duk da zafin abin. In kowa zai riƙe sunan da ya fi so don tausayi, gobe masanin Jakarta da na Leiden za su yi ta musu a kan kifi biyu suna zaton ɗaya ne.

Ba kowa ya haƙura ba. Wasu masana suka kai kuka gaban hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi, wadda ke da ikon jingine doka in ta ga maslaha, suka roƙi a bar tsohon suna tunda kowa ya saba da shi. A 1992 hukumar ta yanke hukunci: ba za a bar shi ba. Sai a nemo suna na gaba a layi.

Inda aka samo shi ne ya fi burge ni. A 1822 wani likita ɗan Sikotlan, Francis Hamilton, ya buga littafi a kan kifayen kogin Ganges na Indiya. A ciki akwai wani siririn kifi marar zane da mutanen wurin ke kira pangya, sai ya bar masa sunansa, ya rubuta pangia. A 1860 Edward Blyth, mai kula da gidan adana halittu a Kalkata, ya gina wa kifin gida ya kira shi Pangio. Sunan ya kwanta a tsofaffin takardu, kusan an manta da shi. Da dogon sunan Girkanci ya faɗi, shi aka tasa. Yau duk farfesan da zai ambaci kifin Kuhl, daga Tokyo har Landan, sai ya fara furta kalmar masuntan Indiya: Pangio kuhlii.

Za ka ce shi ke nan, an huta. Ina! Tsugune ba ta ƙare ba. An gyara sunan gida, saura babbar tambaya: cikin masu ɗamarar nan, wane ne kuhlii na ainihi?

Domin ba shi kaɗai ke da ɗamara ba. Tun 1903 aka siffanta shelfordii daga tsibirin Borneo. A 1949 aka siffanta myersi daga Tailan, mai kauri da faffaɗar ɗamara. A 1940 kuma wani Bature ɗan Birtaniya, Alec Fraser-Brunner, ya duba wasu da aka kamo a Johor, kudancin Malesiya, ya lura ɗamararsu ba ta zagaye ciki ba, a rabi take tsayawa. Ya kira su semicinctus, mai rabin ɗamara, wanda yau ake rubutawa semicincta.  Gidan Pangio yanzu ya haura nau'i 30. A 1993 kaɗai, Kottelat da Kelvin Lim na Singafo sun ƙara shida a takarda ɗaya.

Yaya ake rarrabe su? Mai kiwo yakan ƙirga ɗamara, amma ɗamara mayaudariya ce. Kifi biyu daga ƙorama ɗaya, wannan tasa ta rabu biyu, wancan tasa ta haɗe, kuma zanen yaro daban yake da na babba. Masani sai ya sa kifin ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya duba inda fiffiken baya ya tsiro, gaba yake ko can kusa da wutsiya. Ya duba siffar leɓen ƙasa, ya duba ko akwai ɗan gashi a hanci, ya duba tabon da ke gindin wutsiya. Sannan ya ɗauki hoton ƙashi, ya zauna yana ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, a jikin halittar da ba ta kai kaurin fensir ba. Bayan duk wannan, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: a wane kogi aka kamo shi? Ita ce kuma tambayar da mai shago ba ya iya amsawa, don kifin ya ratsa hannu biyar kafin ya iso gare shi.

Ko masanan sun sha kai-komo. An taɓa haɗe mai rabin ɗamara da kuhlii aka ce abu ɗaya ne, daga baya aka sake raba su. Da gwajin ƙwayoyin halitta ya zo, sai ya ƙara nuna yadda ido ke ruɗin mutum. A 2011 Jörg Bohlen da abokan aikinsa suka binciki zumuncin 'yan gidan Pangio, suka tarar masu ɗamara irin kuhlii da wasu marasa zane sam, irin oblonga mai launin ƙasa, reshe ɗaya suka fito. Riga daban, jini ɗaya. Wasu kuma riga iri ɗaya, jini daban.

Ga inda aka kwana. Ra'ayin da masana suka fi karkata gare shi yau shi ne, kuhlii na gaskiya ɗan Java ne, can inda samarin nan suka yi aiki. Kifayen da ake lodawa a jirgin sama zuwa shagunan duniya kuwa, galibinsu daga Sumatra da Borneo da Malesiya da Tailan ake kamo su. Daga Java ba a cika kamo irin wannan don kasuwa ba. Ma'ana, abin da ke kwance ƙarƙashin yashi a tankunan gilashin duniya, wanda yara ke nunawa da yatsa suna cewa kuhli, mafi yawansa semicincta ne ko myersi. Har wasu masana na ganin mai yiwuwa kifin Kuhl na ainihi bai taɓa shiga kasuwar ba ko sau ɗaya. Baƙon da aka shekara ana ciyarwa, ba shi ne mai sunan ba.

Me za ka yi da kai ne mai tankin? Wasu sun gyara takardar da ke jikin gilashi. Mafi yawa sun ci gaba da cewa kuhli, kuma ban ga laifinsu ba, don sunan ya riga ya zama na dangin gaba ɗaya a bakin jama'a. Abin da ke damuna yana wani wurin. Muddin kowa na ganin kuhli ya cika shaguna, wa zai tashi hankalinsa ya tambayi lafiyar wanda ke Java? Kuskuren suna yakan sa a ɗauka abu yana da yawa, alhali ba a ma duba shi ba.

Java ɗin kuwa ba ta Kuhl ba ce yanzu. Ƙidayar da aka yi a 1815, shekara 5 kafin zuwansu, ta ba da mutum kusan miliyan huɗu da rabi. Yau sun haura miliyan 150 a tsibiri ɗaya. Dazukan kwari sun koma gonakin shinkafa da masana'antu da unguwanni, ƙoramu masu inuwa da ruɓaɓɓen ganye, irin waɗanda kifin ke buƙata, sun ja baya. Shi ya sa a 1993, da masanin Amurka Tyson Roberts ya tattaro wasiƙu da zane-zanen kifin su Kuhl ya buga su, shekara 170 bayan rasuwar van Hasselt, aikin ya zama taga da ake leƙa kogunan Java kafin su canza. Samarin sun zaci sabuwar duniya suke buɗe wa Turai. Ashe hoton wadda za ta shuɗe suke ɗauka.

A 2012 Kottelat ya fitar da jerin duk dangin loc na duniya da aka sani, nau'i 1,043. A cikinsu akwai kuhlii, akwai hasselti, kowanne da shekarar 1846 a gefensa.

In Allah ya kai ka Bogor, mai karatu, ka shiga lambun nan, ka nemi tsohuwar makabartar Turawan Holan da ke cikin kurmin gora. Akwai wani ɗan ginshiƙi a can mai ɗauke da sunaye biyu, ɗaya ya rasu yana da shekara 23, ɗaya 26. In ka bar wurin ka ci gaba da tafiya cikin lambun, za ka ji ƙarar ruwa. Kogin Ciliwung ne, ya gangaro daga tsaunukan da suka hau, ya ratsa lambun, ya nufi Jakarta yana kwasar dattin birni a hanya. Ka tsaya a kan gada ka dubi ruwan, ka dubi ganyen da ya taru a gefe, inda yashi ya kwanta.